Tambaya da Amsa: Laftof ɗina tana cijewa in ina editin ɗin bidiyo, in sayar ne ko akwai gyara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru a wannan karon mafi yawansu kuka ɗaya suke yi, wato tsohuwar laftof da aikin editin, don haka na zaɓi guda uku da nake ganin amsarsu zata wadatar da saura.

TAMBAYA, daga wani mai ɗaukar bidiyon biki a Katsina:

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, kamu da dina da walima haka, da iPhone 12 nake ɗauka a 4K saboda kastoma suna son kwaliti. Laftof ɗina ta hannu ce na saya, Core i5 jenareshan na 6, RAM giga 8, had dis giga 500, kuma da Premiere Pro nake aiki. Matsalar itace da na zuba bidiyo a taimlayin na kunna sai hoton ya riƙa tsalle-tsalle, murya ta wuce hoto yana baya, wani lokacin ta tsaya cak sai na danne makunni na kashe ta da ƙarfi, ga fanka tana ta ƙugi, ekspot kuwa bidiyon minti 20 sai in kwana ina jira ga dangin amarya suna ta kira. Na kai wa mai gyara yayi mata fomatin amma jiya i yau. Wani abokina yace bairos ne, wani yace in sayar kawai in sayi Core i7, ni kuma kuɗina basu kai ba wallahi. Meye mafita?

AMSA:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kar ka sayar tukuna. Fomatin da aka yi mata dama ba zai yi magani ba, domin matsalarka ba datti bane a cikin Windows, irin bidiyon da kake ɗora mata ne yafi ƙarfinta, kuma mafi girman gyaran da zan gaya maka ko sisi ba zaka kashe ba.

Bari mu fara da 4K ɗin nan. Hoto ɗaya na 1080p ɗigo 1920 ne a kwance 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da ɗoriya, shi kuma 4K 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8, ninki huɗu kenan, kuma a kowace daƙiƙa hoto 30 ne ko ma 60 zasu wuce. Wannan ma ba shine babban nauyin ba. Waya don ta rage cin wuri matse bidiyon take yi, ba kowane hoto take ajiyewa cikakke ba, sai ta ajiye guda ɗaya cikakke sannan na bayansa ta rubuta abinda ya canza kawai, to kai kuma mai editin baka tafiya a jere, yanzu kana wajen shigowar amarya anjima ka koma wajen liƙi ka yanka nan ka ja can, duk inda ka ajiye alama dole kwamfuta ta koma baya ta nemo cikakken hoton ta yi lissafi har ta iso inda kake, shi yasa kallon bidiyon kawai bai cika bada wahala ba amma da an shiga editin sai a fara cijewa. Sannan tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020 wayar tana ɗaukar bidiyon HDR, wato mai faɗin haske da kala, a tsarin matsewa na HEVC mai bit 10, kuma haka take zuwa a kunne daga kamfani. Firosesan Intel suna da wani sashe da ake kira Quick Sync wanda aikinsa kenan warware bidiyo, amma sai daga jenareshan na 7 ya iya ɗaukar wannan mai bit 10 ɗin gaba ɗaya shi kaɗai, naka na 6 ne, saboda haka nauyin sai ya dawo kan firosesar kanta, ita kuwa in irin su i5-6300U ce da suka cika laftocin ofis na 2015 da 2016, ƙwaya biyu kacal gareta, wato core, sassan da ke yin lissafin.

Kafin ka yarda da maganata ka gani da idonka. Buɗe aikin da yake baka wahala, ka danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai fito, ka shiga Performance ka ajiye shi a gefe, sannan ka kunna taimlayin kana kallon layukan. In CPU ya haye 100 ya zauna a can, maganar da na gama yi ce. In Memory ta cika ta kusa ƙurewa, RAM ce tayi kaɗan. In kuma Disk ne ya maƙale a 100 har linzami yana daskarewa, had dis ɗinka ne. A irin na'urarka ba zan yi mamaki ba in kaga duka ukun sun tashi tare, saboda in RAM ta cika Windows kan had dis yake juye ragowar, shi kuma dama yana fama da karanto bidiyo, a nan ne take tsayawa cak ɗin da ka faɗa.

Maganin farko sunansa firoksi, kuma ina mamakin yawan masu editin da suka shekara suna aiki basu taɓa kunna shi ba. Kamar tela ne da zai fara fitar da yanka a kan takarda, sai ya gamsu sannan ya ɗora a kan shadda. Premiere zai yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi na bidiyoyinka, da su zaka yi duk yanke-yankenka, ranar ekspot kuma shi da kansa zai koma kan na asali, kwaliti ba zai ragu ko kaɗan ba. Yadda ake yi, a cikin Project ka zaɓi bidiyoyin duka, ka danna dama, ka shiga Proxy sannan Create Proxies, ka zaɓi ƙaramin girma, in akwai zaɓin ProRes shi nafi so domin shi kowane hotonsa cikakke ne babu wancan komawa bayan, sai dai yafi cin wuri. Media Encoder zai buɗe ya kama aiki, wannan zai ɗau lokaci, shi yasa da ka dawo daga biki ka juye bidiyo sai ka sa shi ka je ka kwanta. Ga inda mutane da yawa suke tuntuɓe: yin firoksi daban, kunna shi daban. A ƙasan allon da kake kallon bidiyo akwai alamar +, ka danna ka jawo maɓallin Toggle Proxies ka ajiye a layin maɓallai, ka danna shi sai ya koma shuɗi. In bai yi shuɗi ba har yanzu da 4K kake kokawa.

A ƙasan wannan allon dai akwai inda aka rubuta Full, ka mayar da shi 1/2 ko 1/4, kallo kawai yake ragewa baya taɓa abinda zaka fitar. Gyaran kala da Warp Stabilizer mai hana hoto rawa da cire hatsi-hatsin hoton dare ka bar su sai ƙarshe bayan ka gama yanka, su ne masu shan ƙarfi, in kuma kaga jan layi a saman taimlayin ka danna Enter ya yi rendarin sai ya koma kore. Chrome da WhatsApp na kwamfuta a rufe su lokacin aiki, giga 8 bata isa a raba ba.

Yanzu maganar da nasan ba lallai ta yi maka daɗi ba. Ni a ganina bikin da kake ɗauka baya buƙatar 4K. A ina ake kallonsa? A waya, a sitatus ɗin WhatsApp, a Instagram da TikTok, waɗanda duk sake matse bidiyon suke yi, in an yi nisa a saka filasha a talabijin ɗin falo. Abinda kastoma yake kira kwaliti shine fuskar amarya ta fito fes, hoto baya rawa, muryar mai waƙa da ta MC ba ta fashe ba, wannan kuma fitila ce da makirfo da tsayayyen hannu suke kawo shi. 1080p mai haske ya fi 4K da aka ɗauka a duhun holi nesa ba kusa ba. Ka shiga Settings na wayar, Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible, sannan a Record Video ka sa 1080p ka kashe HDR Video. Wannan kaɗai zai sauke maka fiye da rabin wahalar, har da ta ekspot, kuma zaka huta da matsalar nan ta bidiyo ya fito fari fau kamar an wanke kalarsa, ita ma daga HDR take. In akwai kastoman da ya dage sai 4K to ka caje shi kuɗin 4K, ka yi masa da firoksi.

Game da murya da take wuce hoto, in a wajen kallo ne kawai to nauyi ne, firoksi zai gyara. In kuma har bayan ekspot baki da magana basa haɗuwa, musamman a dogon bidiyo, to waya ce bata riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daidai, tana ɗan hawa tana sauka. Akwai manhaja kyauta sunanta HandBrake, ka bi da bidiyon ta ciki ka zaɓi Constant Framerate kafin ka kai shi Premiere.

In ka samu 'yan kuɗi, SSD, wato ma'ajiyar da ke maye gurbin had dis, zaka fara saya kafin komai. Tsohon had dis faifai ne yake juyawa a ciki da allura tana bi, na laftof gudunsa bai cika wuce megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa yana kai wajen 500, kuma ba ruwansa da neman wuri a kan faifai. A sa Windows da Premiere da aikin da kake kai a kansa, tsohon kuma a sa shi a kwanso ya zama na ajiyar bukukuwan da aka gama, kuma kar ka bari SSD ɗin ya cika maƙil, ka riƙa share Media Cache, wato fayilolin wucin gadi da Premiere ke tarawa, lokaci-lokaci. Bayan shi sai RAM, ka kai ta 16. Su kansu Adobe giga 8 suka sa a matsayin mafi ƙaranci, 16 don HD, 32 don 4K, kaga kai a bakin ƙofa kake tsaye. Amma ka tafi da laftof ɗin kasuwa a buɗe a gani, kar ka yi aike, domin jenareshan na 6 kashi biyu ne, misali EliteBook 840 G3 DDR4 take ci, ThinkPad T460 kuma DDR3L, kuma wata bata shiga ramin wata. In ramuka biyu gareta ka sa 8 da 8, yafi 16 guda ɗaya, saboda girafik ɗin da ke cikin firosesa daga RAM yake ɗiba. Sai dai in faɗa maka gaskiya don kar ka ce an yaudare ka, SSD da RAM zasu hana daskarewa su sa aiki ya yi santsi, amma ekspot ba zai ragu sosai ba, wannan aikin firosesa ne, ita kuma a irin waɗannan laftocin a like take da allon cikin na'urar wato motherboard, ba a canza ta.

Shi kuma abokinka mai cewa Core i7, kar sitika ta ruɗe ka. i7-6600U ita ma ƙwaya biyu ce irin taka, zaka ƙara kuɗi ka dawo gida da kusan abinda ka sayar. i5-8250U ta jenareshan na 8 ƙwaya huɗu gareta, ta fi waccan i7 ɗin aiki. Ranar da Allah ya hore zaka canza, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan firosesar zaka duba ita ce jenareshan (daga na 10 kuwa lambobi biyun farko ne), ka nemi 8 zuwa sama, sai harafin ƙarshe, U an yi ta ne don tanadin batir, H ita ce ta aikin ƙarfi, in da katin girafik na Nvidia a ciki to madalla. Wani dalilin kuma, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga jenareshan na 8 yake farawa in ka cire wasu 'yan tsiraru.

Bairos kuwa bana zaton shine, sai dai in Premiere ɗin naka kirak ne, wato wanda aka fasa ba a biya ba, aka zuba maka, irin waɗannan sukan zo da wasu abubuwa a ɓoye masu cin firosesa. Ka rufe komai ka duba Task Manager, in CPU yana sama alhali ba abinda kake yi to akwai baƙo a ciki.

TAMBAYA, daga wata mai bidiyon girki a Zariya:

Salam Malam ina yini. Ina ɗan yin bidiyon girki ina sawa a TikTok, yayana ya bani ƙaramar laftof Celeron RAM 4, na sa CapCut amma ko rubutu na ɗora sai ta tsaya tana tunani, an ce min DaVinci Resolve kyauta ne kuma yafi kyau, in sauke shi?

AMSA:

Wa alaikis salam Malama, lafiya lau. A'a kar ki ɓata datarki. DaVinci Resolve kyauta ne da gaske kuma ƙwararru na aiki da shi, amma giga 16 na RAM yake nema da katin girafik mai ƙarfi, a kan Celeron ko buɗewa ba lallai ya yi ba. Irin waɗannan ƙananan laftocin don rubutu da karatu aka yi su, kuma da yawansu RAM ɗin a like take ba a ƙarawa. Shawarata ki yi editin ɗinki a waya, CapCut na waya ya isa bidiyon minti ɗaya ko uku, kuma wayar da ta ɗauki bidiyon tana da sashen da ke warware shi cikin sauƙi, zai yi wuya bata fi laftof ɗin nan sauri ba. In dai kin fi son babban allo, ki ɗauka a 1080p, ki shiga Settings na CapCut ɗin kwamfuta wajen Performance ki kunna Proxy, ki rage sitika da ifet masu motsi. Laftof ɗin kuma ki bar ta tana ajiye miki bidiyoyi don wayar ta samu sarari.

TAMBAYA, daga wani mai situdiyo a Sakkwato:

Malam barka da aiki. Tawa da safe lafiya lau take aiki amma da rana ta take sai ta fara sulo, in ina ekspot wani lokacin ta mutu da kanta ƙasanta yayi zafi rau, sannan in aka ɗauke wuta ta koma kan batir nan ma sai gudunta ya ragu. RAM ɗita 16 ce kuma SSD ne a ciki. Ko firosesar ce ta gaji?

AMSA:

Barka kadai Malam. Firosesa bata gajiya irin yadda kake nufi, zafi ne yake damunta. An ƙera ta ne yadda in zafinta ya doshi digiri 100 zata rage gudu da kanta don kar ta ƙone, in hakan bai isa ba sai ta kashe na'urar gaba ɗaya, to kai kana Sakkwato inda a watan Afrilu zafin gari kansa yake haura 40, iskar da fankar take ja ma mai zafi ce, ga ƙurar hunturu da ta shekara tana shiga. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe laftof ɗin da ta yi shekaru a arewa ya san abinda nake faɗa, tsakanin fanka da ƙarfen nan mai haƙora-haƙora da iska ke fita ta cikinsa zaka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama tabarma guda, ana ɗago ta da tsinke ta taso a haɗe, fanka tana ta juyawa amma iska bata da hanyar fita. Ka sa hannu a bakin ramin iskar lokacin da take ƙugi, in ƙara tayi yawa iskar kuma 'yar kaɗan ce to a toshe take.

Ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi, ka tsaya a buɗe a gabanka, a cire fankar a share, sannan a kwance ƙarfen da ke kan firosesa a goge tsohon man nan mai ruwan toka da ya bushe ya zama gari a sa sabo. Busa iska daga waje kawai ba tare da an buɗe ba tura ƙurar yake yi ciki. Ka sauke Core Temp ko HWMonitor, duka kyauta ne, ka duba zafin kafin gyara da bayan gyara lokacin ekspot don ka tabbatar an yi aikin. Kar ka ƙara ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinya, a kan tebur, ka ɗaga bayanta da wani abu iska ta riƙa shiga ta ƙasa, in da hali ka saya mata faifan nan mai fanka.

Maganar batir kuma haka aka tsara, da an zare caja Windows rage ƙarfi yake yi don batir ya daɗe, zaka iya danna alamar batir ka kai shi Best performance amma zai zuƙe da wuri, kuma tsohon batir bashi da amana a tsakiyar ekspot. Ka duba cajarka ma, a ƙasan laftof ko a jikin cajar asali an rubuta wat nawa take buƙata, in mai 65 ce kake bata 45, ko cajar ta jabu ce, wasu laftocin suna ƙin sakin cikakken gudu ko da a jone suke. Manyan ekspot ka riƙa ajiye su sai dare ko bayan asuba lokacin da gari ya yi sanyi, a jone da wuta ko inbata, kuma in bidiyon mai tsawo ne ka raba shi gida biyu ko uku ka fitar ɗaya bayan ɗaya, ko ta mutu a hanya ba daga farko zaka sake ba.